Gaɓar da Baba Ya Ƙi Gyarawa

A shekarar da nake ƙarasa digirina na Hausa, wanda nake yi lokacin hutu saboda ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kura, malaminmu na rubutacciyar waƙa ya ba mu aiki. Ya ce kowa ya nemo waƙar da ba a taɓa bugawa a littafi ba, ya yi nazarin karinta da amsa-amonta da yanayinta. Abokan karatuna suka shiga tunanin inda za su samo. Ni ko a jikina, domin muna da mawaƙi a gida, kuma mahaifina ne.

Baba malamin Islamiyya ne a ƙauyenmu da ke gefen babban kanal na ban-ruwa, kuma manomin rani ne kamar kowa a wajenmu. Da safe yana gona, bayan azahar yana aji. Yakan rubuta wa ɗalibansa waƙoƙi da ajami, na tsarki da salla da ladabi, su haddace su rera ranar sauka. Yawancinsu ba sa wuce katangar makarantar. Guda ɗaya ce ta tsallake, wadda ya yi a kan girman kai, kuma ita na zaɓa, duk da na san abin da ya haife ta. Kowa ma ya sani.

Baba yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa. Shi ne ya fi zurfin karatu a zuriyarmu. Tun ina ƙarama ya koma Bunkure da zama, inda manyan ɗalibai ke zuwa zaurensa ɗaukar nahawu da fiƙihu da aruli, wato ilimin auna waƙa. Amma gonakinsu na gado suna nan a ƙauye, iyaka ɗaya, kuma ƙaramar magudana ɗaya ce ke shayar da su. Wani rani aka yi gyaran kanal, ruwa ya yi ƙaranci, aka koma kowa da ranarsa. Da ranar Baba ta zo, sai ya tarar masu yi wa Baffa aiki sun karkatar da ruwan zuwa albasarsa. Tumatirin Baba yana tsakiyar fure, ya yi yaushi, furen ya zube. Baba ya hau babur da zafinsa har Bunkure, ya yi magana a zauren Baffa, a gaban ɗalibai, da muryar da ƙane ba ya yi wa wansa. Baffa bai ce komai ba game da ruwan. Ya bari Baba ya kai aya, sannan ya ce, "Ka gama? To, karatu muke yi."

Daga ranar zumunci ya yi sanyi. Da yake dukansu malamai ne, sun san hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa, don haka ba su daina sallama ba. In sun haɗu a jana'iza ko wurin suna, Baba zai rusuna ya gaida yayansa, Baffa ya amsa, shi ke nan, kowa ya dubi wani wajen. Gaisuwa ce ta fita hakki. Lambar wayar kowannensu tana wayar ɗan'uwansa, amma ba wanda ya taɓa dannawa. Baba yana jiran a ce masa a yi haƙuri da ruwan, Baffa yana jiran a ba shi haƙuri a kan muryar.

Cikin wannan hali Baba ya rubuta waƙar. Bai ambaci sunan kowa ba, ya koya wa 'yan matan ajinsa, suka rera ranar sauka. Karin ya yi daɗi, sai yara suka ɗauke ta. Masu tsinkar tumatir suna rerawa, masu wanki a bakin kanal suna rerawa, har ta hau babur ta isa Bunkure. Baitin da ya fi yawo shi ne wannan:

Karatunka kogi, muna sha ƙwarai,
Ka ɗan sunkuyo, ka daɗe can sama.

Ba a buƙatar a gaya wa kowa wane ne mai karatu kamar kogi a danginmu. Aka ce Baffa ya ji, kuma daga nan ya daina zuwa duba albasarsa da kansa, yana turo babban ɗansa.

Na je ƙauye lokacin tsinka. Na tarar da Baba a gona, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye a kan masu zuba tumatir a kwanduna, yana ta cewa a ware masu taushi gefe don a yanka a shanya. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi murmushin da ya kasa ɓoyewa, ya ce, "Waƙata za a kai jami'a?"

Muka zauna a inuwar darbejiya, ya rera mini ita daga farko har ƙarshe, ni kuma ina rubutawa da boko. Ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu, kuma kowane baiti yana ƙarewa da "ma". Wannan bai ba ni wahala ba. Kari ne ya tsaya mini. A aji an koya mana a raba kalmomi gaɓa-gaɓa, a gane mai nauyi da marar nauyi, sannan a haɗa su ƙafa-ƙafa a ga wane kari suka hau. A kan allo abin yana da sauƙi. Da na zo yi ni kaɗai, sai gaɓoɓin suka riƙa zame mini, wadda na ce doguwa ce in na sake furtawa sai in ji ta gajarce.

Na ce, "Baba, a wane kari ka ɗora ta?"

Ya ce, "Uwata, ni ban san sunayensu ba. Murya nake samu tukuna, in riƙa yin ta a hanyar gona, sai kalmomi su zo su zauna a kanta. Wadda ta ƙi zama in kore ta. Wannan lissafin naku fannin Yaya ne."

Ya faɗa kafin ya tuna. Ya ɗauki wani tumatir yana jujjuya shi kamar yana neman tsutsa.

Ya kamata in faɗi dalilin da yake ce mini Uwata. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da Baffa ba mai iya kiran sunana, kuma tun ina yarinya nake cin albarkacin wannan. Abin da za a yi wa sauran yara tsawa a kai, ni sai a yi mini dariya. Da wannan gatan na dogara na ce, "To zan kai masa ya auna mini."

Baba ya ce, "Ita waƙar za ki kai masa?"

"Ita."

Ya daɗe yana kallon magudanar, sannan ya ce, "Ni dai ban aike ki ba."

Washegari na hau adaidaita zuwa Bunkure. Hanyar duk kore ce ta ko'ina, shinkafa a nan, albasa a can, ƙarar injin ban-ruwa ba ta yankewa. Ina tafe ina shirya yadda zan fara magana, ina rushewa. Na shiga cikin gida tukuna na gaida matar Baffa, wadda muke kira Umma. Da ta ji abin da ke tafe da ni sai ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Je ki, yanzu ɗalibai suka tashi. In ya kore ki, ki dawo ga fura."

Baffa yana zaune a kan buzu, littattafai jibge a gefensa, tabarau a kan hanci. Ya yi murna da ganina, ya tambayi maigidana da yara da aiki. Bai tambayi Baba ba. Na ce an ba mu aikin auna waƙa, na rasa wanda zai warware mini sai shi. Fuskarsa ta saki, domin babu abin da yake so kamar a zo masa da tambayar aruli, fannin da ya ce ɗaliban yanzu suna gudu.

"Wace waƙa ce?"

"Ta Baba ce. Ta girman kai."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Na ji an ce ya yi wata waƙa. Ban saurara ba. Karanto mu ji."

Na fara karantawa. Da na zo wani baiti, garin sauri na ce "Haba ɗan'uwana, ina za ka je", sai ya ɗaga hannu.

"Ina za ka kai," in ji shi. "Ba 'je' ya ce ba."

Na duba takardata, haka ne. Na ɗago na dube shi, shi kuma ya dubi bango. Daga bayan labule na ji Umma ta yi tari irin na wanda dariya ta sarƙe. Na sake karanta baitin daidai:

Haba ɗan'uwana, ina za ka kai,
A rana, da nauyin buhun taƙama?

Daga nan malamin da ke cikinsa ya rinjayi mai fushin. Ya gyara zama, ya ce in ajiye biro in saurara da kunne. Ya riƙa bugun gwiwarsa da yatsu, bugu ɗaya mai sauƙi, biyu masu nauyi. "Ha-ba-ɗan, u-wa-na, i-na-za, ka-kai. Kin ji? Fa'ulun, fa'ulun, fa'ulun, sai ta ƙarshe da aka datse mata wutsiya. Gajeriya ɗaya, dogaye biyu, haka har ƙarshe. Wannan shi ne Mutaƙarab." Ya sa na yi ta bugawa a gwiwata har hannuna ya kama. Abin da na kasa fahimta a zangon karatu guda, na gane shi kafin la'asar. Ya ce karin yana tafiya ne kamar mai ɗauke da kaya a ka yana sauri a kan kunyar gona, ba gudu ba, ba tsayawa ba, shi ya sa yara suka kama shi da wuri.

Sai ya tambaye ni, "Waƙar a kan me kika ce take?"

"Girman kai."

"Nemo mini inda ya ce girman kai."

Na bi baitocin ɗaya bayan ɗaya. Akwai taƙama, akwai ji da kai, amma girman kai babu ko sau ɗaya. Ban taɓa lura ba.

Baffa ya ce, "Ba zai shiga ba. Gir-man-kai. Dogaye uku a jere. Wannan karin biyu yake ɗauka, in an kawo ta uku sai ya durƙushe. Da a karin Ramal ya ɗora ta, da ta zauna daram. Shi bai san wannan ba, kunnensa ne ya kore ta." Ya ƙara da cewa, "Yana da kunne. Tun yana yaro yana da kunne."

A kan amsa-amo bai ja magana ba. Ya ce "ma" amsa-amo ne mai yalwa, kalmominsa suna da yawa, zama, sama, gama, taƙama, don haka ba abin a yaba wa mawaƙi ba ne sosai. Ya kuma ce an maimaita taƙama a ƙarshen baiti fiye da sau ɗaya, wanda masana ba sa so. Na rubuta. Muna cikin haka muka iso baitin da ya tsayar da mu:

Uwa ɗai, uba ɗai, gida ɗai muke,
A kan me ruwa zai hana mu zama?

Yatsunsa suka tsaya a kan gwiwa. Ya sake bugawa a hankali. "A-kan-me, ru-wa-zai, ha-na-mu. Tsaya. Ha-na-mu. Kin ji ramin? Wurin doguwa ne, ya sa gajeriya. Wannan 'mu' ba ta da nauyi. Karin ya karye." Ya faɗi haka da wani irin jin daɗi, kamar wanda ya daɗe yana neman abu ya gano shi a aljihu. "Da ya ce 'hana min zama', da ya cike. Ki gaya masa."

Na ce, "In gaya masa inji wa?"

"Inji aruli."

Kafin in tashi na ce saura yanayi. Malaminmu yana so mu faɗi irin halin da waƙar ke ciki, ko fushi ne, ko baƙin ciki, ko wa'azi, ko zambo. Baffa ya ce, "Rubuta rashin kunya." Na ce ba na jin akwai wannan a cikin abin da aka koya mana. Ya ce to a ƙara shi.

Ban kai saƙon a ranar ba. Sai da na koma ƙauye a ƙarshen mako, na sami Baba yana ban-ruwa, yana buɗe bakin fangali da fartanya yana toshe wani. Na ba shi labarin Mutaƙarab, ya yi ta maimaita sunan yana jin daɗinsa a baki. Na gaya masa zancen girman kai da ya ƙi shiga kari, ya yi dariya har ya dafa fartanya. Da na ce Baffa ya ce yana da kunne, sai dariyar ta tsaya, ya ce, "Shi ya faɗa?" Na ce shi ya faɗa. Ya sunkuya ya ci gaba da gyara bakin fangalin da ba ya buƙatar gyara.

Sannan na kawo maganar "mu".

Ya rera ɗangon a hankali, ya sake rerawa da "min". Ya ce, "Gaskiyarsa, ta fi zama." Na ɗauko biro zan gyara, ya ce, "A'a, bar ta."

"Baba, ka ce ta fi zama."

"Ta fi zama a kunne. Amma in na ce 'hana min zama', ni kaɗai ke nan a baitin. Ni ba ni kaɗai ruwan nan ya hana zama ba. Ki gaya masa na ji, na gode, amma gara karin ya karye da in fitar da shi daga ciki."

Na ce, "In gaya masa inji wa?"

Ya ce, "Inji mai waƙa."

Haka na zama 'yar aike tsakanin dattawa biyu da kowannensu ya rantse bai aike ni ba. Maigidana har tsokanata yake yi, wai masu adaidaitan hanyar Bunkure sun fara ajiye mini kujerar gefe. Na kai wa Baffa amsar Baba. Ya yi kamar bai ji ba, ya jawo wata maganar. Ya ce ai tun asali akwai kuskure a baitin kogi, domin malamai da teku ake kwatanta iliminsu, kogi kuwa yana ƙafewa da rani. Na kai wa Baba. Baba ya ce in tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya shayar da albasa da ruwan teku. Shi abin da ake sha ya ambata, ba abin da ake kallo daga nesa ba. Da na faɗa wa Baffa haka, sai da gemunsa ya motsa, ya yi sauri ya kai kofin shayi baki.

Ana cikin wannan kai-komo nake rubuta aikina da kaɗan-kaɗan, kuma a nan na fara jin waƙar da wani kunne daban. Da farko na rubuta cewa yanayinta gargaɗi ne mai haɗe da habaici, domin haka duk gari ya ɗauke ta. Amma da na yi ta rera ta ina bugun gwiwa, sai na ga ba ta da haƙoran da ake cewa tana da su. Mai zambo ba ya fara magana da "haba ɗan'uwana". Kuma shi kansa amsa-amon, wanda Baffa ya raina, sai an haɗe leɓɓa kafin a furta shi, ba ya fita da tsawa. Kowane baiti, komai zafin da ya taso da shi, a kan wannan tattausan sautin yake sauka. Na lura kuma ko'ina a waƙar ana tambaya ne, ina za ka kai, a kan me, yaushe. Wanda ya yanke ƙauna ba ya tambaya.

Na koma wa Baffa da wannan, wata ranar kasuwar Bunkure, gari cike da motocin kwanduna. Na ce masa lokacin miƙa aiki ya matso, kuma har yanzu wurin yanayi a buɗe yake, ni kuma ba zan rubuta rashin kunya ba. Na karanta masa abin da na lura da shi game da tambayoyin da kuma sautin "ma". Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Wa ya gaya miki wannan?" Na ce ba kowa. Ya gyaɗa kai.

Can ya ce, "Larabawa suna da suna ga irin wannan. Itabi suke ce masa. Ba zambo ba ne, ba kuma wa'azi ba. Zargi ne da mutum ke yi wa wanda ba ya so ya rasa. In ba ka damu da mutum ba, ba ka yi masa itabi, sai dai ka ƙyale shi." Ya buɗe ido. "Rubuta haka. Ki sa ta a gaban malaminku, in ya musa ki turo shi."

Na rubuta. Ban ɗago ba, don na san ba zai so in ga fuskarsa a lokacin ba.

Sai na ji ya ƙwala wa babban ɗansa kira, ya ce ya fito da mota. Ya ce an gaya masa albasarsa ta kusa isa cira, kuma yaran nan ba su san komai ba, gara ya je ya gani da idonsa. Ya ce tunda hanya ɗaya ce, in zo su sauke ni. Umma ta biyo mu har ƙofar gida da babbar rigarsa da ya manta, tana ta yi mini ido.

Mun isa bayan la'asar. Baba yana can ƙarshen gonarsa wajen shanya, inda aka baza yankakken tumatir ja wur a ƙasa. Da ya hango wanda ke fitowa daga mota, sai ya tsaya cak. Sannan ya taho da sauri, yana goge hannu a jikin riga, ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Yauwa. Tashi, tashi. Albasa na zo dubawa."

"Ta yi kyau bana."

"Haka aka ce."

Suka tsaya, kowa yana kallon albasar. Ni da ɗan Baffa muka koma gefe muka zama kamar ba ma nan. Sai Baffa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wannan 'mu' taka har yanzu gajeriya ce."

Baba ya ce, "Na sani, Yaya. In ana rerawa ina ɗan jan ta."

"Mawaƙin baka ne ke ja. Mai alƙalami ba ya ja."

"To ni manomi ne, Yaya, a gafarce ni."

Baffa ya yi wani sauti a maƙogwaro. Ya taka zuwa bakin magudanar, ya tsaya daidai inda ruwa ke rabuwa, hannu ɗaya zuwa gonarsa, ɗaya zuwa ta Baba. Ya ce, "A nan yaran suka toshe?" Baba ya ce a nan ne. Baffa ya ce, "Ban sa su ba. Amma da ka zo, ya kamata in ce maka ban sa su ba." Baba ya ce, "Ni ma bai kamata in shigo maka zaure da wannan muryar ba." Iyakar abin da aka faɗa ke nan a kan rigimar da ta ci shekaru. Ban ji kalmar haƙuri daga bakin kowa ba.

Baba ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, Baffa ya zauna, suka koma kan waƙar. Baffa ya ce a rera masa ita da muryar da aka gina ta a kai, don bai taɓa ji daga bakin mai ita ba. Baba ya rera, da farko a ɗarare, daga baya ya saki murya. Baffa yana bugun gwiwa, yana tsayar da shi nan da can, suna gardama a kan wata kalma, Baba yana kare kansa. Masu aiki suka bar abin da suke yi suka zagaye su. Har rana ta yi ja ba su gama ba, aka yi alwala da ruwan magudanar, Baffa ya ja mu sallar magariba a bakin gona. Albasar dai bai ƙara bi ta kanta ba.

Na miƙa aikina a kan lokaci. A ciki na rubuta cewa waƙar tana kan Mutaƙarab, amsa-amonta "ma", yanayinta itabi, kuma akwai karaya a ɗango ɗaya, inda aka sa gajeriyar gaɓa a wurin doguwa, na kuma kawo dalilin mawaƙin na barin ta haka. Da aka dawo mana da takardu, na ga malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmar karaya. Ya kira ni ofis ya ce aikin ya yi kyau, amma wannan ba karaya ba ce. Ya ce a Mutaƙarab an yarda ƙafa ta ajiye nauyinta na ƙarshe a tsakiyar ɗango, fa'ulun ta koma fa'ulu, kuma wannan sassauci ne da duk wanda ya karanci aruli ya sani tun a darussan farko. Ya tambaye ni wa ya ce mini karaya ce. Na ce wani ne a gida.

Da na sake zuwa Bunkure na sami Baffa shi kaɗai, na gaya masa abin da malamin ya ce. Ina kallonsa sosai. Bai ko motsa ba. Ya ce, "Ashe malamin naku ya yi karatu." Na ce, "Baffa, ke nan ka sani tun ranar farko?" Ya ce, "Uwata, miƙo mini butar shayin nan, ya fara hucewa."

Na kai wa Baba wannan labarin ma, don na kasa riƙe shi. Yana zaune a ƙofar makaranta yana jiran ɗalibai su taru. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har hawaye suka zubo masa, yana gogewa da bakin hula. Da ya natsu ya kama hannuna ya ce, "Ki rufa masa asiri. Kada ki kuskura ya san kin gaya mini. Jibi zai zo cirar albasa, kuma na riga na shirya amsar da zan ba shi in ya sake tayar da maganar."